Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta son tafiya tana kunne

Mu masu gyaran kwamfuta muna yawan jin koke iri ɗaya: jiya lafiya lau take, yau an kunna ta ƙi tashi, sai wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga cikinta. Sau da yawa ana ɗora laifin kan bairos, alhali matsalar tana cikin rumbun ajiya, wato had dis. Wannan rumbu inji ne mai motsi. A cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, sannan ga wani ɗan kai mai karatu da rubutu yana shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin gashi ba. Idan aka girgiza kwamfutar tana aiki, ko aka dire ta da ƙarfi kan tebur, kan yana iya taɓa faifan ya karce shi, kuma wurin da ya karcu ya tafi da abin da ke kansa. Saboda haka kafin a saka ta jaka a hau babur, a kashe ta, ko a jira ta yi barci har ƙarar juyawar ta ɗauke.

Wani zai ce ai shi ya daɗe yana yawo da tasa a kunne bai ga komai ba. Ɓarnar tana taruwa ne a hankali, domin rumbun yana da wuraren ko-ta-kwana da yake maye gurbin waɗanda suka lalace da su, mai kwamfuta bai sani ba, sai ranar da suka ƙare. Gaskiya ne kuma cewa tun 2003 kamfanin IBM ya sa wa ThinkPad na'urar da ke janye kan idan ta ji kwamfuta na faɗuwa, Apple ma ya biyo baya a 2005, amma ba kowace kwamfuta ke da ita ba. Ga kuma tamu matsalar: da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake sayarwa batirinsu ya mutu, da an ɗauke wuta sai su mutu nan take, ko da ana tsakiyar rubuta bayani. Sayen batiri ya fi biyan kuɗin ceto fayil sauƙi nesa ba kusa ba.

Gidan faifan CD da DVD nasa da sauƙi. Ƙurar hunturu ce ke dushe idon da ke karanta faifan, don haka a bar shi a rufe, kada a sa yatsa a idon, faifai kuma a goge shi daga tsakiya zuwa baki.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na masu cewa sun adana komai a ɓangaren D, don haka hankalinsu kwance. C da D galibi rumbu ɗaya ne aka raba, idan ya mutu tare suke tafiya. Manhajojin duba lafiyar rumbu irin su CrystalDiskInfo suna da amfani, sai dai binciken da Google ya wallafa a 2007 kan rumbuna fiye da 100,000 ya nuna da yawansu sun mutu ba tare da wani gargaɗi ba. Sauya rumbun da SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana maganin girgiza, amma shi ma yakan mutu farat ɗaya, kuma ceto bayani daga cikinsa ya fi wuya. Duk abin da ba za a jure rashinsa ba, takardar kammala karatu ce ko lissafin shago, a yi masa kwafi a wani rumbu na waje da ba ya kwana jaka ɗaya da kwamfutar.