Daga Wuya Ne ko Daga Hannu?

Tambaya: Ni tela ne a kasuwar Sabon Gari. Yatsun hannuna na dama suna sagewa, har minjirya kan tashe ni cikin dare. Wani ɗan'uwana a Samaru ya ce daga wuya ne. Yaya zan gane?

Amsa: Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Jijiyoyin hannu daga laka suke fitowa, saiwoyi 5 a kowane gefe, su haɗu a bayan ƙashin kafaɗa sannan su rarrabu. Kamar wutar lantarki ne: matsala tana iya kasancewa a taransifoma, tana iya kasancewa a wayar da ta shiga gidanka.

Idan saiwar ce ta matse a wuya, zafi ne kan gaba. Yakan taso daga wuya ko allon kafaɗa ya gangaro, ya ƙaru da tari, atishawa ko karkatar da kai wajen ciwon. Wasu sukan samu sauƙi in sun ɗora hannun a ka.

Abin da ka faɗa kuwa ya fi kama da matsewar jijiya a wuyan hannu. Ita ce ke sagar da babban yatsa, manuni da na tsakiya, ta tayar da mutum cikin dare yana yarfe hannu, ta kuma bar ƙaramin yatsa lafiya lau. Shafa gefe biyu na yatsan zobe ka ji. In gefe ɗaya ya mutu ɗaya yana ji, wannan aikin jijiyar hannu ne, saiwar wuya ba ta cika raba yatsa haka ba. In kuwa ƙaramin yatsa ne ya sage, a duba gwiwar hannu, musamman ga mai yawan dogara ta a kan teburin keken ɗinki.

Ka je Asibitin Koyarwa na Shika. Likita zai gwada ƙarfin tsoka, ya auna suga, domin ciwon suga yana taɓa jijiya, wataƙila ya nemi gwajin jijiya da lantarki ko hoton MRI na wuya. In akwai tabo a fata wanda ba ya ji, yana iya zama kuturta; a nufi cibiyar kula da kuturta da ke Saye, domin cutar tana warkewa da magani.

Don Allah kada ka bari a murɗe maka wuya da sunan gyara. In ƙafafu suka fara nauyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko almakashi yana suɓucewa daga hannunka, ka tafi asibiti a ranar.