Darasi: Mu Taka Ƙasarmu, Mu Rubuta Abin da Muka Gani



Kowa ya san hanyar gonarsa. Amma wa zai iya faɗin itace nawa ke tsakanin gidansa da gonar? A kan haka darasinmu na yau yake.

Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Ruwa ya daina gudu a cikinsa tun da daɗewa, amma akwai shi a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa goriba take son wurin. Da kabarta ake saƙa tabarma, ake tufka igiya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da bisashe masu yawa. Bayan haka manoman jihar Maradi suka kama sassaben zamani. In kututture ya yi toho, ba a sare shi duka. Sai a bar reshe 2 ko 3 masu ƙarfi su girma. Ta haka gonaki wajen hekta miliyan 5 suka sake samun itace a Nijar.

Duk da haka, akwai garuruwan da wasu itatuwa ba su dawo ba. In tsoho ya rasu, yakan tafi da sunayensu da amfaninsu. Abin da aka rubuta shi ke zama.

Ga yadda za ku yi:

1. Ku ɗauki kaye da alƙalami, ku fita da sassafe tare da wani dattijo.
2. Ku rubuta ranar da kuka fita da hanyar da kuka bi.
3. Ku duba ƙasa: jigawa ce, geza ce, ko fadama?
4. Ku ƙirga itatuwa iri-iri: gawo, aduwa, kalgo, sabara, magarya, anza.
5. Ku tambayi dattijon abin da ke wurin a dā, wanda babu shi yanzu.
6. Ku sake bin hanyar da damina, ku gwada da abin da kuka rubuta da rani.

Ga misali: "Ran Talata na bi burtali, gabas da gari. Ƙasar jigawa ce. Na ƙirga gawo 14, duk da ganye kore shar. Baba ya ce can bakin rijiya akwai tsamiya a dā."

In kun koma da damina, za ku tarar gawo ya kaɗe ganyensa. Don haka ne ba ya hana hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki.

Tambayoyi:
Me ya sa goriba take son Gulbin Kaba?
Wane itace ne ya ɓace a garinku?

Ku kai wa malamin yaƙi da jahilci abin da kuka rubuta, a karanta shi a gaban jama'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.