Wasan Gem: Shin Shi Ke Jawo Wa Yara Ƙiba Da Zafin Rai?

Darasinmu na wannan fitowa a filin tarbiyya da lafiyar iyali zai duba wani baƙo ne da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wato wasannin bidiyo da yara ke kira gem. A da sai a gidan masu hali ake ganin na'urarsa, ko a shagon gem na bakin layi inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin. Yanzu kuwa yana cikin wayar da ke hannunki, kina ajiye ta yaro ya ɗauka.

Iyaye sun kasu biyu a kan wannan lamari. Wata za ta ce gem ne ya lalata yaran zamani, shi ya sa suka yi teɓa, shi ya sa ba sa jin magana. Wata kuma ta ce ai gara yana ɗaki ina ganinsa da ya fita waje a wannan zamani na rashin tsaro da miyagun abokai. Kowacce tana da hujjarta. To amma me masana suka gano da suka zauna suka bincika? Shi ne za mu bi daki-daki, domin ki san inda matsalar take, kada ki kashe maciji ki bar kansa.

Da farko, ƙiba ba alamar lafiya ba ce

Mu a al'adarmu in yaro ya yi ɓulɓul sai a ce masha Allah, uwarsa ta iya kiwo. Gaskiya ne rama da tamowa su ne suka fi damun yara da yawa a yankinmu, amma ƙibar da ta wuce kima ita ma cuta ce. Tana buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon gaɓoɓi, kuma yaron da ya tashi da ita yawanci da ita yake girma. Ga kuma tsokanar da yake sha a makaranta, wadda ke sa shi ƙin shiga cikin 'yan'uwansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibar tasu ta kai matakin cuta. A shekarar 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na masu waɗannan shekaru ke da nauyin da ya wuce kima, amma a 2022 sun kai kashi 20. Kin ga ke nan abin ya ninka har ya haura.

Shin gem ne ya jawo haka?

A shekarar 2019 wasu masana daga Jamus da Ostiriya sun tattara bincike guda 20 da aka yi a kan mutane sama da 38,000, suna neman alaƙar gem na zaune da nauyin jiki. Sun tarar alaƙar 'yar kaɗan ce ƙwarai, kuma a jikin manya ta bayyana, ba a yara da matasa ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa gem laifin ƙibar yara gaba ɗaya.

Sai dai kada ki saki jiki, 'yar'uwa. Gem ba ya zuba kitse a jikin yaro da kansa, amma yana da ƙofofi uku da yake buɗe wa ƙiba.

Ƙofa ta farko ita ce ciye-ciye. A shekarar 2011 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasar Denmak da samari 22 masu ƙoshin lafiya. Wata rana aka sa su buga gem na awa ɗaya, wata ranar kuma aka sa su zauna kawai na awa ɗaya, sannan a kawo abinci kowa ya ci iya cinsa. Ranar da suka buga gem sun ci ƙarin abinci mai kimanin kalori 80, kwatankwacin rabin kwalbar lemo, alhali kuwa ba su ce sun fi jin yunwa ba. Abin kamar ba yawa, amma in ya zama kullum ne, taruwa yake yi. Balle kuma yaron da ke wasa da biskit da cincin da alawa a gefensa, hannu na kaiwa baki ido na kan waya. Lemon kwalba guda ɗaya kaɗai sukarin cikinsa yakan kai ƙaramin cokali 9.

Ƙofa ta biyu ita ce barci. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da ya shige bargo da waya har tsakar dare ba zai samu wannan ba. Ƙarancin barci kuwa yana ƙara kwaɗayin kayan zaƙi da na maiƙo, yana kawo kasala da saurin fushi, ga gyangyaɗi a aji, ga wahalar tashi da asuba.

Ƙofa ta uku ita ce zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jikin da zai sa shi haki da gumi. Yaran da suna samun wannan ba tare da kowa ya tsara musu ba, a wajen langa da wasan ɓuya da 'yar gala-gala da gaɗa da aike. Yaron yau kuwa daga makaranta sai Islamiyya sai ɗaki, ɗan lokacin da ya rage kuma gem ya cinye.

Batun faɗa da zafin rai

Wannan muhawara ta daɗe a Amurka. A shekarar 1993 majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan wasanni masu nuna zubar da jini irin su Mortal Kombat, wanda hakan ya sa a 1994 aka kafa hukumar da ke sa wa kowane wasa alamar shekarun da suka dace da shi. Ƙasashen Turai ma sun fito da nasu tsarin mai suna PEGI a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18.

A shekarar 2015 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin buga wasannin kashe-kashe da ƙaruwar zafin rai, da kuma raguwar tausayi. Amma ta ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna suna mayar da yaro mai aikata manyan laifuka. A 2020 ta sake jaddada cewa ɗora wa gem alhakin kashe-kashen da ake yi a zahiri ba shi da tushe a ilmance, kuma yana kawar da hankali daga ainihin musabbabin. A ɗaya ɓangaren, wani bincike na Jami'ar Oxford da aka wallafa a 2019, wanda aka yi da matasa 1,004 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya tare da iyayensu, bai ga wata alaƙa ba tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da yawan faɗa.

Abin da za ki ɗauka a nan shi ne, gem shi kaɗai ba ya mayar da yaro ɗan daba. Abubuwan da suka fi shi ƙarfi wajen gina mugun hali su ne duka da zagi a cikin gida, ganin iyaye suna faɗa, miyagun abokai, shaye-shaye da rashin mai kula. Amma kuma wannan bai zama lasisin barin ɗan shekara 8 yana buga wasan da aka rubuta wa 18 ba. Wasa irin Grand Theft Auto, wanda yara ke kira GTA, masu shi da kansu na manya suka yi shi, domin akwai kisa da sata da batsa a ciki. Ko da bai sa yaro faɗa ba, ai ba abin da za ki so idonsa ya saba da shi ba ne.

Akwai kuma wani abu da iyaye ke gani su ɗauka kashe-kashen cikin wasan ne ya jawo. A 2014 masana daga Oxford da Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna cewa haushin kasa cin wasa yana tayar da zuciya, ko da wasan babu faɗa a cikinsa. Shi ya sa za ki ga yaro ya yi jifa da waya don an ci shi a ƙwallo, ko ya make ƙaninsa don ya katse shi. A nan darasin haƙuri da karɓar faɗuwa yake bukata. Ki kuma sa kunne in yana wasan da ake haɗuwa da wasu ta intanet, domin a can ne yara ke kwaso ashar da baƙar magana.

Ragewa tana da amfani

Wani likitan yara na Jami'ar Stanford, Thomas Robinson, ya yi gwaji a makarantun firamare biyu a jihar Kalifoniya da 'yan aji uku da huɗu. A makaranta ɗaya aka koya wa yara rage kallon talabijin da kaset da buga gem: suka yi kwana 10 ba kallo, daga nan aka ƙayyade musu awa 7 a mako. Ɗaya makarantar aka bar ta yadda take. Sakamakon da ya fito a 1999 ya nuna yaran da suka rage ba su ƙara ƙiba kamar sauran ba, wanda ya fito a 2001 kuma ya nuna 'yan ajinsu sun shaide su da raguwar faɗa da tsokana. Ki lura, ba a hana su kwata-kwata ba, iyaka aka sa musu, kuma iyakar ta haɗa har da talabijin.

Yaushe abin ya zama ciwo?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan mataki. Alamominsa uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran harkokin rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci har tsawon wata 12. In kin ga ɗanki ya daina cin abinci a kan lokaci, karatu ya ja baya, ya fara ƙarya ko ɗauke-ɗauke don kuɗin data ko na shagon gem, ya janye daga mutane, to kada ki tsaya ga duka. Ku kai shi asibiti a ga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, domin wani lokacin damuwa ce ko cin zalin da ake yi masa a makaranta ya sa shi fakewa a cikin wasan.

Abin da za ki yi a gida

1. Ki kula da shekaru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba waya ko a zaunar da shi gaban talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mu daina lallashin jariri da waya don mu samu mu yi girki.

2. Ku yanke lokaci ke da maigida, ku zama baki ɗaya. In kin hana shi kuma ya bayar, aikin banza aka yi. In gidan yawa ne, ku daidaita da abokiyar zama da sauran matan gida, dokar ta hau kan kowane yaro, mace da namiji.

3. Gem ya zo a ƙarshe: bayan salla, aikin makaranta, tilawa, aikin gida da wasan guje-guje. Ki riƙa sanar da shi saura minti biyar kafin lokaci ya cika, ya fi ki fizge wayar yana tsaka da wasa.

4. Ba a ci ana wasa. A ajiye waya, a zauna a ci tare. In ƙishirwa ce, ruwa ya wadatar.

5. Waya ba ta kwana a ɗakin yara. A karɓe ta awa ɗaya kafin barci, a sa ta caji a ɗakinki.

6. Ki duba lambar shekarun da ke jikin wasa kafin a sauke shi, ki kuma zauna ki kalli abin da yake bugawa ko da na minti goma ne. Gani ya kori ji. Akwai manhajar Family Link ta Google da ke ba ki damar ƙayyade lokaci da hana sauke abin da ba ki amince da shi ba. In ba ki iya ba, ki sa wani babba a gidan ya saita miki.

7. In kin rage gem, ki cike gurbinsa. Igiyar tsallake, ƙwallo a tsakar gida, shara, wanke-wanke, rakiya zuwa kasuwa a ƙafa, duk motsa jiki ne. In tsoron waje kike yi, ku haɗa kai da maƙwabta yara su riƙa wasa a gida ɗaya, babba na kallonsu.

8. In shagon gem yake zuwa, ki san shagon, ki san mai shi, ki san da wa yake zama da kuma inda yake samun kuɗin.

9. Kada ki goranta wa yaro ƙibarsa, kada kuma ki bari 'yan'uwansa su sa masa suna da ita. A gyara cimar gidan gaba ɗaya, ba tasa shi kaɗai ba.

A ƙarshe, 'yar'uwa, yaro da abin da ya gani yake koyi, ba da abin da aka faɗa masa ba. Uwar da ta yini a kan WhatsApp da fina-finai masu dogon zango, da wuya ɗanta ya saurare ta in ta ce ya ajiye waya. Mu fara da kanmu, mu kuma fara da wuri, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su lafiya mai amfani, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.