Sista, tambayar da za ta kawo tallafin tana sashenki

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara a sashen masu sikila, kuma na gama digiri na biyu. Ina son yin bincike a kan cututtukan gado, amma sau biyu ina neman tallafi ba na dacewa. Abokan aiki sun ce kuɗin irin wannan bincike na likitoci ne da 'yan lab. In haƙura?

To, Sista. Kada ki haƙura, sai dai ki sake salo.

Abokan aikinki sun faɗi rabin gaskiya. Manyan kuɗaɗen binciken ƙwayoyin gado, irin na shirin H3Africa da hukumar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ƙaddamar a 2010, sun tafi ne ga manyan tawagogi masu injina da rumbunan ajiyar jini. Wannan fage ba na mai farawa ba ne. Ni ma na taɓa cin wannan tuwon: takardata ta farko cewa na yi zan gano ƙwayoyin gadon da ke sa ciwon wani mai sikila ya fi na wani tsanani, alhali ko firjin da zai kwana da wuta ba mu da shi. Amsar da na samu layi biyu ce, ana tambayata wa zai yi gwajin, kuma a ina. Na yi fushi na mako guda, daga baya na ga gaskiyarsu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan lab yana ganin jini a kwalba, ke kuwa kina ganin abin da ke faruwa bayan an miƙa wa mutum sakamako. An kiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. To bayan gwajin fa? Kin san saurayi da budurwar da sukan zo da takarda a ninke, dukansu AS, an riga an kai lefe, an sa rana. Kin san uwar da aka gaya wa “ɗaya cikin huɗu”, ta ɗauka tunda ta haifi mai sikila ɗaya, uku masu zuwa sun tsira, alhali kowane ciki da nasa lissafin, sabo fil. Mutum nawa ne ke fahimtar bayanin haka? Wace irin Hausa ce ta fi isar da shi? Wa ke yanke hukunci a ƙarshe, su biyun ko iyaye? Duk wannan binciken gado ne, kuma babu wanda ya fi nas kusa da amsarsa.

Haka zancen jariran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, waɗanda kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jariri kan iya farfasa musu jini har idonsu ya yi rawaya. Ungozoma ce ke ganin akwatin kayan, ba farfesa ba.

Sai batun inda za ki nema. Ki fara da ƙananan tallafi. Ƙungiyar RSTMH ta Landan tana ba masu fara bincike har fam 5,000, kuma ƙofarta a buɗe take ga ma'aikatan jinya na ƙasashen Afirka. Ƙungiyar Sigma ta ma'aikatan jinya tana da tallafin da ke kaiwa dala 5,000. Akwai kuma ISONG, ƙungiyar nas-nas masu aiki a fannin gado da aka kafa a 1988, wadda ke tallafa wa binciken membobinta. Idan kina koyarwa a jami'ar gwamnati, ki leƙa ofishin TETFund na makarantarku. Sharuɗɗa da ranakun rufewa suna sauyawa, don haka ki karanta sanarwar bana da idonki, kada ki dogara da “wance ta ce”. Kuɗin ba yawa, amma ya isa ki yi hira da iyalai ɗari biyu, ki buga takarda ɗaya mai kyau. Da rarrafe yaro kan tashi.

Hanya ta biyu ita ce shiga tawagar da ke tafiya. A Kano an yi binciken SPRING tare da Jami'ar Vanderbilt, inda aka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220 masu sikila don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. Irin wannan aiki ba ya tafiya sai da nas mai bibiyar yara da iyayensu. In kin samu shiga makamancinsa, ki nemi a ba ki 'yar tambaya taki a ciki, kuma a yi maganar sa sunanki a takarda tun da farko, ba bayan an gama ba. Kunya a nan asara ce.

Wajen rubutu, tambaya ɗaya tak. Masu tantancewa na karanta takardu da yawa, mai manufa bakwai ita ake fara ajiyewa gefe. Ki kai wa masanin ƙididdiga ya fitar miki da adadin mutanen da kike bukata kafin ki rubuta kasafi. A kasafin ki sa kuɗin motar mahalarta, katin waya, fassara da buga takardu, ki kuma bar sarari don tashin farashi. Ki sani yawanci kuɗin ta asusun ma'aikatarki zai bi, to ki gaisa da akanta tun yanzu.

Inda nas-nas suka fi tuntuɓe, a ganina, shi ne sashen ɗa'ar bincike. Sukan rubuta layi ɗaya cewa za a nemi izinin kwamiti, shi ke nan. Sakamakon gado ba na mutum ɗaya ba ne, na dangi ne. A ce yaro ya fito SS, takardar uba kuma ta nuna AA. Sau da yawa kuskuren gwaji ne, ko kuma uban yana ɗauke da wani nau'in gadon jini da gwajin farko bai nuna ba, amma kalma ɗaya ta ganganci tana iya kashe aure ta ɓata sunan mace. Ki rubuta dalla-dalla: ina za a maimaita gwajin, wa zai yi bayani, a wane ɗaki, wa ke riƙe makullin fayil. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda bai iya boko ba a gaban shaida. Mai tantancewa da ya ga haka ya san ya haɗu da wadda ta san aikin.

Ki ciro amsoshin da aka ba ki a karo biyun nan, ki ɗauki biro ki ja layi ƙarƙashin duk ƙorafin da ya maimaitu, sannan ki kai wa wanda ya taɓa cin tallafi, ko da ba nas ba ne, ku zauna a kai wata biyu kafin ranar rufewa.