Hukumar Tsara Birane da Yankan Sababbin Unguwanni a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda hukuma take sa ido a kan yanka gonaki domin mayar da su unguwannin zama, tare da kafa misali da ƙasar Daura. Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aza harsashin Jami'ar Sufuri a shekarar 2019, da kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, duk sun ƙara wa filayen bayan gari daraja. Sakamakon haka, gonakin da ke kan hanyoyin Kano da Katsina da Kwangwalam suna ta komawa fulotai.

2.0 Tushen Ikon Hukuma

A tsarin gargajiya, ƙasa amana ce a hannun sarki. Mai neman wurin gini yakan bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, su kuma su sanar da hakimi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sauya wannan tsari, inda ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana a matsayin na birni suna ƙarƙashin gwamna kai tsaye, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su.

Daga baya Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi matakai uku na kula da tsarin gari: na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha ita ce ke da alhakin wannan aiki, tare da ma'aikatar da ke kula da filaye da safiyo.

3.0 Matakan Yankan Unguwa

Kafin gona ta zama unguwa bisa ƙa'ida, akan bi waɗannan matakai:

(a) Tantance mallaka: a tabbatar da mai gonar, musamman idan ta gado ce, domin kada wani magaji ya sayar da rabon 'yan'uwansa.

(b) Awo: ma'aikatan safiyo su auna filin, su kafa turakun siminti a kan iyakokinsa.

(c) Zanen taswira: a fitar da fulotai da tituna da magudanan ruwa, a kuma keɓe wuraren makaranta da asibiti da masallaci da kasuwa da maƙabarta. Fulotin da aka fi sani shi ne mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo.

(d) Amincewa: hukuma ta duba ko taswirar ta dace da babban tsarin garin, ko kuma ta shiga hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

(e) Izinin gini: mai fuloti ya miƙa zanen gidansa kafin ya haƙa harsashi. Idan ya saɓa, hukuma tana da ikon tsayar da aikin, wanda akan nuna da jan fenti a jikin bango, har ma da rushe ginin.

Idan gwamnati ce ta karɓi gonar domin amfanin jama'a, dokar 1978 ta ce a biya diyyar abin da aka raya a kanta, kamar gini da itatuwa da amfanin gona.

4.0 Awon Gwamnati da Awon Igiya

Hausawa sun raba fulotai gida biyu. Wanda ya bi matakan da aka ambata shi ake kira awon gwamnati. Awon igiya kuwa shi ne wanda mai gona da dillali suka yanka da kansu, aka rubuta takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa. Mutane suna rububinsa saboda ya fi araha, kuma babu dogon jiran takardu.

Illar awon igiya ta samo asali ne daga lissafin mai gona, domin duk ƙafar da ya bar wa titi asara ce a gare shi. Don haka sai titi ya koma lungu wanda motar kashe gobara ba ta iya shiga, ruwan sama ya rasa mafita, yara kuma su rasa filin makaranta. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, gargaɗi ce ga duk garin da ke barin gidaje a bakin hanyar ruwa. Bayan haka, ranar da aka zo buɗe titi, gidan wanda ya saya da guminsa ne rusau zai faɗa wa, alhali dillali ya daɗe da cin la'adarsa.

5.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Filin titi da na makaranta ba su da tsada matuƙar wurin yana gona, amma da zarar an yi gini, ba a samun su sai da rusau da diyya da shari'a. Saboda haka nasarar hukuma ta dogara ne a kan isa gona kafin igiyar dillali, da sauƙaƙa kuɗi da lokacin fitar da takardu, da kuma jawo masu unguwanni da dagatai a jika, tun da su ne suke fara jin labarin kowane ciniki.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin awon gwamnati da awon igiya.
2. Kawo matakai 5 na yankan unguwa bisa ƙa'ida.
3. Yi bayanin ma'anar waɗannan kalmomi, tare da nuna waɗanda aka aro daga Ingilishi: fuloti, safiyo, diyya, la'ada, rusau.