GIRKI DA GAS DON TAIMAKON GONA

Ya kai manomi, kowace shekara bayan girbi akan kwashe karan dawa da na gero a kai gida don hura wuta. Inda itace ya yi wuya, har kashin shanu ake busarwa a yi girki da shi. To, wannan abincin ƙasa ne ake ƙonewa. Gonar da aka share ƙaƙaf, iskar rani takan kwashe ƙasarta ta sama, ruwan fari kuma ya wanke abin da ya rage. Haka nan idan aka sare gawo, an yi hasarar ganyen da yake zubarwa ya zama taki, da 'ya'yansa da dabbobi ke ci. Ga kuma hayaƙi, mai ɓata idon uwargida da ƙirjin yara.

GAS IRI BIYU NE

Akwai wanda ake turawa ta bututu. An fara aikin shimfiɗa bututunsa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a shekarar 2020, amma wannan masana'antu da tashoshin lantarki zai fi amfana. Wanda ya shafe ka shi ne na tukunya. Ana matsa shi har ya zama ruwa a ɗura a tukunyar ƙarfe, in an buɗe sai ya fito kamar iska. Akwai tukunya mai kilo 3, da mai kilo 6, da mai kilo 12.5.

YADDA ZA KA FARA

Gas da kuɗi ake sayensa, saboda haka kada ka ce sai ka bar itace gaba ɗaya. Ka sayi ƙaramar tukunya da kaka, lokacin da ka sayar da amfani. A riƙa dama koko da dafa shayi da ɗumame da ita, musamman da damina sa'ad da itace ya jiƙe. Wake da sauran abin da ke daɗewa a wuta, a dafa su da rassan da ka sassabe, ba tare da kayar da bishiya ba.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. A ajiye tukunya a tsaye, a inuwa, nesa da murhun itace da rumbu da tarin harawa.

2. A yi girki inda iska ke shiga. Wannan gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa. Kada a kwana da shi a ɗaki.

3. Bayan kowane ɗuri, a shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da jikin tiyo. In ka ga kumfa tana tasowa, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana.

4. A ƙyasta ashana tukuna, sa'an nan a buɗe gas. Wuta mai kyau shuɗiya ce. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, a share kan murhun.

5. In ka ji warin gas, ka rufe tukunya, ka buɗe ƙofa da taga, ka fitar da yara. Kada a kunna fitila ko wutar lantarki sai warin ya wuce.

6. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotse, kada a ɗura mata. Ka sa a auna maka a kan sikeli a gabanka, kuma kada ka yarda a cika ta maƙil, domin gas yana kumbura in ya sha zafi.

ABIN DA ZA KA YI DA KARA DA KASHI

Karan da ka tsirar, ka bar wani a kwance a gona ya tare ƙasa, wani kuma ka ba dabbobi. Kashin shanu da na awaki ka tara a rami tare da toka da sharar gida, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa. Kafin ruwa ya sauka sai ka kai gona.

Don ƙarin bayani ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.