Yadda Ake Tsara Hoto Kafin A Danna: Darasi Daga Tsakar Gidan Seydou Keita

Mai son koyon ɗaukar hoto yakan fara da maganar kyamara: wacce ta fi, nawa kuɗinta, ko wayar da ke hannunsa za ta wadatar. Tambayar tana da muhallinta, amma ta yi sammako. Mafi yawan aikin hoto ana gama shi ne kafin yatsa ya kai kan maɓalli, wato a wurin da aka tsayar da mutum, da gefen da haske ya faɗo masa, da abin da ke bayansa, da yadda layuka da zane-zane suka zauna cikin kusurwa huɗun hoton. Wannan shi ne tsari, kuma ana koyonsa daki-daki kamar kowace sana'ar hannu. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Abin da ba a shirya ba a lokacin ɗauka, da wuya gyaran baya ya samar da shi. Malamin da ya fi dacewa a bi sawunsa a nan shi ne Seydou Keita na Bamako, domin yanayin aikinsa bai ba shi damar dogara da sa'a ba.

An haifi Keita a Bamako wajen 1921, lokacin da Mali take ƙarƙashin Faransa da sunan Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da aikin katako ya tashi. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamarar Kodak Brownie, ta zama tasa, daga nan ya riƙa tsintar ilimin sana'ar wurin Pierre Garnier mai shagon kayan hoto da kuma mai ɗaukar hoto Mountaga Dembélé. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a unguwar Bamako-Kura, mutanen gari da matafiyan jirgin ƙasan Dakar suka riƙa yin layi. Da babbar kyamara mai tsayawa a kan ƙafafu yake aiki, fim ɗinta falle-falle ne, santimita 13 a 18, kuma saboda tsadarsa galibi mutum ɗaya fim ɗaya. A nan darasin yake. Wanda ba shi da ɗauka ta biyu dole ya gama kallo, ya gama gyara, sannan ya danna.

Matakin farko shi ne ka yanke wa kanka hukunci: me kake son mai kallo ya fara gani? Abu ɗaya kawai. A hoton mutum amsar kusan kullum fuska ce, duk sauran abubuwa masu yi mata hidima ne. Idan ka tsayar da wannan sai ka nemi haske, kuma haske ake fara nema kafin wuri mai kyau. Keita ya fi son hasken rana, a tsakar gida yake yawan aikinsa. Ranar tsaka ba ta da amfani ga fuska, domin tana cika kwarmin ido da duhu, ta sa goshi da hanci ƙyalli, ta sa mutum ƙanƙance ido. Ka nemi bakin inuwa: ƙofar zaure, gindin katanga, ƙarƙashin rumfa daga inda ta buɗe zuwa fili. Ka juya mutumin a hankali har ka ga ɗigon haske ya bayyana a cikin idonsa, ɓangare ɗaya na fuskar ya ɗan fi ɗayan haske. Wannan ɗan bambancin ne yake ba fuska tudu da kwari. In mai farar shadda ne, ka sani kyamara za ta ruɗu da farin ta duhunta fuskar, don haka a kan fuska ake auna haske; a waya, ka taɓa fuskar a allo, ka ɗan ɗaga hasken da hannu.

Daga nan sai bango. Labulen farko da Keita ya rataya shimfiɗar gadonsa ce mai geza a baki, daga baya ya riƙa sauya labule bayan 'yan shekaru, har ta kai da labulen ake gane zamanin da aka ɗauki hoto. Abin lura shi ne bai bar bango ga abin da ya tarar ba, zaɓarsa ya yi. Kai ma kafin ka dubi mutumin sau biyu, dubi bayansa: igiyar shanya da ta ratsa wuya, falwayar wuta da ta tsiro daga hula, bokitin roba mai launin da ya fi fuska ɗaukar ido. Ka kawar, ko ka matsa. Ka janye mutumin taku biyu ko uku daga bangon don kada inuwarsa ta manne masa. Masu zuwa wurin Keita ba da kayan yau da kullum suke zuwa ba. Mata da atamfa da ɗaurin kallabi da 'yan kunnen zinariya, samari da kwat, 'yan kasuwa da manyan riguna, kowa yana son hoton da za a aika wa dangi a ga ya zauna da gindinsa a birni. Don haka matsalar da ya fuskanta kullum ita ce wadda mai hoton Sallah da na biki yake fuskanta yau: tufafi masu zane sun cika ido, ga shi kuma fuska ake so a gani.

A nan ne gwaninta take bayyana, a nan kuma yawancin masu koyo suke faɗuwa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce in riga tana da zane a nemi bango marar zane. Shawara ce mai kare mutum daga kuskure, amma Keita ya nuna akwai abin da ya fi ta. Cikin hotunansa da suka fi shahara akwai na wata mace kishingiɗe, ta tallafe kanta da hannu, rigarta mai zane, bargon da take kai mai ɗaki-ɗakin fari da baƙi, labulen bayanta kuma cike da zane mai murɗe-murɗe. Zane uku a wuri guda, amma ido yana zagayawa ya dawo kan fuskarta. Dalili na farko shi ne girman zanen ya bambanta. Idan furen riga da furen labule girmansu ɗaya, sai su haɗe, kafaɗa ta narke cikin bango, a rasa inda mutum ya ƙare. Idan ɗaya manya ne ɗaya ƙanana, ko ɗaya murɗaɗɗe ɗaya miƙaƙƙe, ido yakan raba su ba wahala. Dalili na biyu shi ne nauyin duhu. Ja da kore suna da nisa a ido, amma a hoton fari da baƙi suna iya zama toka iri ɗaya, kuma ko a hoto mai launi, bambancin haske da duhu ne yake fitar da siffa. Dalili na uku shi ne wurin hutawa. Fuska da wuya da damtse su ne sassan da ba su da zane, saboda haka duk inda hayaniya ta yi yawa su ne ido yake komawa. Mai ɗinkin babbar riga ya san wannan: yakan tara aiki a ƙirji ya bar fili kewaye da shi, don filin ne yake sa a ga aikin.

Yadda ake gwadawa kuwa ga shi. Ka mai da allon wayarka fari da baƙi tun kafin ɗauka, ko da mai launi kake so a ƙarshe. Ka ɗan runtse ido har bayanai su dushe, sauran dunƙulen haske da duhu kawai. In kan mutumin ya fita sarai daga abin da ke bayansa, ka samu. In ya nutse, kada ka yi saurin sauke labule. Matsar da mutumin tafin hannu ɗaya zuwa dama ko hagu, domin sau da yawa wani ɓangaren zane mai duhu ne ya faɗo daidai bayan kallabi mai duhu. Bi layin kafaɗa da idonka daga wuya zuwa gwiwar hannu, ka ga ko akwai inda ya ɓace. In ya ɓace, gyale ko mayafi marar zane da aka yafa a wurin yakan raba gardama. Ka kuma hana wani fari mai ƙarfi zama a gefen hoto, domin ido yana bin wuri mafi haske, kuma in ya je can ba ya son dawowa. Wannan matakin yana cin lokaci, mai jira yakan ƙosa, amma shi ne ya raba hoton da ake ajiyewa shekara hamsin da wanda ake gogewa washegari.

Tsayuwa ta biyo baya. Mutumin da ya fuskanci kyamara gaba-gaɗi, kafaɗa a miƙe, hannu a sake, hoton katin shaida ya ba ka. Keita yakan karkatar da jiki, kafaɗa ɗaya ta gabato, fuska ta juyo, sai a samu layi mai gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa wanda yake sa hoto motsi ko da mutum a zaune yake. Hannu kuma sai an ba shi aiki, domin hannun da ba shi da abin yi yakan tona tsoron mai shi. Shi ya sa ya tanadi rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, babur ɗin Vespa, har da furen roba. A wani sanannen hotonsa, saurayi ne cikin farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihu, ya ɗaga fure ɗaya a hannu. Furen ya ɗauki ido ya miƙa shi ga fuska. In mutum biyu ne cikin anko, maimaicin zanen ya riga ya ɗaure su, sai ka bambanta tsawonsu ko inda hannuwansu suka sauka. Ka ja da baya kaɗan, domin gilashin waya yana kumbura hanci in an matso, ka riƙe ta daidai ƙirjin mutumin. Sannan ka zagaya gefuna huɗu da ido, kada ka yanke yatsu ko ƙafa a gaɓa. Sai ka danna, sau ɗaya. Irin kyamarar Keita a kife take nuna hoto a gilashin bayanta, abin da yake tilasta wa mai ɗauka ganin siffofi maimakon mutumin da ya sani. Kai ma ka kifa hotonka bayan ɗauka. Duk inda nauyi ya rinjaya gefe guda, nan take za ka gani.

Wani zai ce wannan wahalar ta zamanin tsadar fim ce, yau waya tana ɗaukar hoto ɗari a minti guda, ta kuma dusar da bango da kanta. Gaskiya ne, amma hoto ɗari daga wuri ɗaya cikin haske marar kyau kuskure ɗaya ne aka maimaita sau ɗari, kuma dusar da bango ɓoye matsala ne, ba ya koya wa ido komai. Wani kuma zai ce tsari yana kashe rai, ya kawo misalin Malick Sidibé, abokin sana'ar Keita, wanda ya yi suna da hotunan samari da 'yan mata suna rawa da dare a Bamako, ba tsayarwa ba gyarawa. Sai dai Sidibé da zane ya fara a makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako, kuma ta hanyar yi wa shagon wani mai hoto ado ya shiga sana'ar a 1955. Idon da ya saba da tsari a natse shi ne yake gane shi cikin ƙiftawa a filin rawa. Ana fara koyo a hankali ne don a iya da sauri.

Akwai ƙorafi mafi nauyi. Wasu suna ganin hoto da rediyon aro ko babur ɗin da ba naka ba yaudara ce, wasu kuma suna cewa darajar Keita Turawa ne suka ƙirƙire ta, tunda abokan cinikinsa ƙananan hotuna suka karɓa, manyan da ake ratayewa a gidajen baje koli daga baya aka wanke su. Game da na farko, mai zuwa ɗaukar hoto ya san abin da yake yi, burinsa yake nunawa, kuma buri ma gaskiya ne game da mutum. Game da na biyu, tarihin yana da ɗaci: bayan 'yancin Mali a 1960, Keita ya koma ɗaukar hoto wa gwamnati a 1962, ya yi ritaya a 1977, kuma a 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Wani mai suna André Magnin ne ya bi sawu har Bamako ya same shi da dubban fallayen fim ɗinsa a adane, a 1994 aka yi masa baje koli a Paris, inda ya rasu a 2001. Amma faɗaɗa hoto ba ya ƙara masa tsarin da babu. Ƙara girma ma tona asirin kuskure yake yi. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a bangon gidan baje kolin Grand Palais a 2016 shi ne abin da aka shirya a tsakar gida a Bamako-Kura, don mutanen Bamako, kuma su ne suka fara biyan kuɗinsu suka yaba.

Saboda haka mai koyo ya ɗora wa kansa dokar da tsadar fim ta ɗora wa Keita. Ka sami mutum ɗaya, zane ɗaya na ratayawa, da bakin inuwa, ka ba kanka ɗauka ɗaya tak. Ka bi matakan a jere: abin da za a fara gani, haske, bango, rabuwar zane da zane, karkatar jiki, aikin hannu, gefuna. Ka wanke waɗanda suka yi kyau a takarda, ka rubuta suna da shekara a baya, ka adana su yadda Keita ya adana nasa. Kyamara mai tsada za ta iya jira. Idonka ne ya kamata ya fara shiga makaranta.